Daga Ganyen Kwakwar Manja Zuwa Wayar Salula: Yadda Matan Neja Delta Ke Tattara Hujja Kan Malalar Mai Da Satar Kuɗin Jama'a

A watan Yulin 2002, mata kusan 600 daga ƙauyukan Ugborodo da kewaye, a jihar Delta, suka kutsa cikin tashar fitar da ɗanyen mai ta Escravos, wadda kamfanin ChevronTexaco ke gudanarwa. Babu mai riƙe da makami a cikinsu. Sun tare filin saukar jiragen sama da bakin tashar jiragen ruwa, suka zauna, ma'aikata kusan 700 suka rasa hanyar fita. Barazanar da suka yi ita ce za su tuɓe kayan jikinsu idan aka matsa musu, domin a al'adar yankin, uwa ko kaka ta tuɓe a gaban namiji la'ana ce da kowa ke gudu. Bayan kwanaki kusan 10, kamfanin ya amince zai ɗauki 'ya'yansu aiki, ya gina makarantu da asibiti, ya kuma samar da ruwa da wutar lantarki.

A lokacin, layin GSM bai cika shekara ɗaya da shigowa Najeriya ba. Katin SIM kaɗai yana kai wa kusan naira 20,000, kiran minti ɗaya kuma naira 50. Waya mai kyamara kuwa sai dai a ji labarinta. Abin da duniya ta gani game da Escravos ya fito ne daga 'yan jaridar da suka samu isa wurin. Da jami'an tsaro suka tarwatsa wasu matan da duka da hayaƙi mai sa hawaye a ƙofar ofisoshin kamfanonin mai a Warri cikin watan Agustan shekarar, hujjar da akasarinsu suka fita da ita ita ce raunukan jikinsu da abin da bakinsu ya faɗa.

Yau abubuwa sun canza. Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita tana da kyamara, da GPS, da agogo, da hanyar tura fayil zuwa ko'ina a duniya. A wannan maƙala za mu duba yadda waɗannan abubuwa suka shiga fafutukar matan yankin mai, me suka iya canzawa, me suka kasa, da kuma yadda hoton waya ke zama hujjar da kotu za ta saurara.

Me ya sa mata ne a gaba?

An fara gano mai mai yawa a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. Tun daga lokacin, duk sa'adda bututu ya fashe, mace ce ke fara gani. A yawancin ƙauyukan yankin, mata ne ke noman rogo, su ke ɗebo ruwan sha, su ke shiga fadamun bakin teku tsintar ƙananan dodon koɗi da kaguwa da suke sayarwa a kasuwa. Namiji mai kwalekwale zai iya nausawa cikin teku neman kifi idan rafi ya gurɓace. Mai tsintar dodon koɗi kuwa ba ta da wurin zuwa, abincinta yana cikin taɓon da man ya jiƙa ne. Sai dai idan aka zo zaman biyan diyya, sarakuna da shugabannin matasa da masu filaye ake kira, kuma kusan dukkansu maza ne.

Girman ɓarnar ba zancen baki ba ne. A watan Agustan 2011, hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNEP, ta fitar da rahoto kan ƙasar Ogoni. A Nisisioken Ogale, ta samu sinadarin benzin, mai haddasa ciwon daji, a ruwan rijiyoyin da mutane ke sha, ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi fiye da sau 900. Rahoton ya ce gyara yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Sadarwa kafin zuwan waya

Matan kudu maso gabashin Najeriya sun daɗe da sanin yadda ake isar da saƙo cikin sauri. A watan Nuwamban 1929, da aka ji raɗe-raɗin Turawan mulkin mallaka za su ɗora wa mata haraji, matan Oloko suka riƙa aika ganyen kwakwar manja zuwa ƙauyukan maƙwabta. Duk ƙauyen da ganyen ya isa, sun san kira ne, su ma sai su aika gaba. Kasuwannin da ke ci a ranaku daban-daban su ne suka zama tashoshin saƙon. Cikin 'yan makonni dubban mata suka fito, abin da aka sani da boren matan Aba, inda sojojin mulkin mallaka suka kashe mata fiye da 50. Idan ka lura, tsarin bai da bambanci da yadda saƙo ke yawo daga guruf zuwa guruf a WhatsApp a yau: kowa yana karɓa daga wanda ya sani, ya miƙa wa wanda ya yarda da shi.

Haka aka yi a ƙasar Ogoni. Ranar 4 ga Janairun 1993, mutane kusan 300,000 suka fito zanga-zangar lumana ƙarƙashin ƙungiyar MOSOP ta Ken Saro-Wiwa. Ƙungiyar matan Ogoni, FOWA, ta yi amfani da kasuwanni da majami'u da ƙungiyoyin mata na ƙauyuka wajen tara jama'a. A watan Afrilun shekarar, sojoji suka harbi wata manomiya, Karalolo Kogbara, lokacin da mutane suka fito hana lalata gonakinsu don shimfiɗa bututu, ta rasa hannu ɗaya. Labarai irin wannan suna fita waje ne ta na'urar faks, da wasiƙu, da kaset ɗin bidiyo da ake fitarwa a ɓoye. Bayan gwamnatin Abacha ta rataye Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamban 1995, matar ɗaya daga cikinsu, Esther Kiobel, ta shafe shekara kusan 20 tana bin kamfanin Shell a kotu, daga Amurka, inda Kotun Ƙoli ta ce ba hurumin kotunan ƙasar ba ne a 2013, zuwa Holan, inda kotun birnin Hague ta yi watsi da ƙarar a 2022 bisa rashin isasshiyar hujja. Wannan kalma ta hujja ita ce gaɓar da komai ke komawa kanta.

Wa ke rubuta abin da ya faru?

Ga yadda tsarin yake. Idan mai ya malala, doka ta ce kamfanin ya sanar da hukumar NOSDRA, wadda aka kafa a 2006, cikin awa 24. Daga nan sai a haɗa tawagar bincike ta haɗin gwiwa, da ake kira JIV: wakilan kamfani, na hukumomi, da na al'ummar da abin ya shafa. Su ne za su cike fom ɗin da zai nuna ranar da malalar ta fara, yawan man da ya zube, da abin da ya jawo ta.

Layin ƙarshen nan shi ne mai tsada. Idan aka rubuta cewa bututun ya tsufa ne ko ya yi tsatsa, kamfani zai biya diyya. Idan aka rubuta cewa ɓarayi ne suka fasa, babu diyya. Dokar man fetur ta PIA ta 2021 ta ƙara nauyin wannan layi: ta ware wa al'ummomin da ake haƙar mai a yankinsu kashi 3 cikin 100 na kuɗin da kamfani ya kashe wajen gudanar da aikinsa a shekarar da ta gabata, amma ta ce idan aka yi ɓarna a yankin, za a cire kuɗin gyara daga kason al'ummar.

Gaskiya ne satar mai da matatun daji suna nan, kuma suna jawo malala mai yawa. Kamfanonin sun daɗe suna cewa mafi yawan malalar daga nan take. Matsalar ita ce sau da yawa kamfanin da ake bincika shi ne ke kawo jirgin ruwan da za a tafi da shi, shi ke da injiniyoyi da kayan awo. Wakilin al'umma yana sa hannu ne kan lissafin da ba shi da hanyar tabbatarwa, mata kuwa ba kasafai ake saka su cikin tawagar ba.

Bidiyon da ya rushe lissafin kamfani

A 2008 bututun Shell ya fashe a Bodo, cikin ƙasar Ogoni. Takardar binciken ta ce ganga 1,640 ce ta zube gaba ɗaya. Sai dai akwai bidiyon da aka ɗauka yana nuna yadda man ke feshi daga bututun. Ƙungiyar Amnesty International ta miƙa bidiyon ga wani kamfanin ƙwararru kan bututu a Amurka, Accufacts. Daga yanayin feshin, suka ƙiyasta cewa ganga 1,440 zuwa 4,320 ke fita a kowace rana. Mutanen garin sun ce an yi kwana 72 ana malalar. Idan ka yi lissafi, ganga 103,000 zuwa 311,000 ke nan, kuma kowace ganga lita 159 ce.

Da shari'a ta kai Landan, Shell ya amince cewa alƙalumansa na farko sun gaza abin da ya zube. A watan Janairun 2015 ya yarda ya biya fam miliyan 55: miliyan 35 ga mutum kusan 15,600 kai tsaye, miliyan 20 kuma ga al'umma. Ba bidiyon kaɗai ya kawo wannan ba, akwai lauyoyi da shekarun jira. Amma shi ne ya ba wa masana abin aunawa, wanda ba daga hannun kamfanin ya fito ba.

Lokacin da bayanai suka hau intanet

Mataki na biyu shi ne fitar da takardun daga durowar ofis. NOSDRA, tare da ƙungiyar SDN, ta buɗe shafin Oil Spill Monitor, taswirar da ke nuna malalar da aka kai rahoto, da wuri, da rana, da kamfani, da dalilin da aka rubuta. Akwai kuma Gas Flare Tracker, da ke amfani da tauraron ɗan'adam wajen gano zafin wutar iskar gas da ake ƙonawa da dare, a ƙiyasta yawanta. Duka biyun kyauta ne, kana iya buɗe su a burauzar wayarka.

A 2017 Amnesty ta ɗauko dubban takardu da hotunan JIV da Shell da Eni na Italiya suka wallafa, ta rarraba su ƙanana-ƙanana a wani shafi mai suna Decode Oil Spills. Mutum 3,545 daga ƙasashe 142 suka shiga da wayoyinsu da kwamfutocinsu, kowa ya duba hoto ya amsa tambayoyi masu sauƙi. Rahoton da ya fito a watan Maris na 2018 ya nuna malala 89 da aka ɗora wa ɓarayi alhali hotunan na sa shakku, da wata malala a jihar Bayelsa da Eni ya ɗauki kwana 430 kafin ya kai gare ta. Ga mai rubuta manhaja, darasin a fili yake: aikin da ya fi ƙarfin mutum goma, idan aka yanka shi gunduwa-gunduwa, dubban mutane za su gama shi a lokacin hutunsu.

Bayanan sun kuma amsa tambayar da iyaye mata suka daɗe suna yi. Wasu masu bincike biyu daga jami'ar St. Gallen ta Switzalan, Anna Bruederle da Roland Hodler, sun haɗa taswirar malalar da alƙaluman lafiyar iyali na Najeriya. A binciken da suka wallafa a 2019, sun gano cewa idan mai ya malala cikin tazarar kilomita 10 daga inda mace take kafin ta ɗauki ciki, haɗarin mutuwar jaririn a watansa na farko yana kusan ninkawa biyu. Ba don an saka wuri da rana na kowace malala a rumbun bayanai ba, da babu yadda za a yi wannan lissafi.

Kusa da gida kuma, tun ƙarshen 2016 mazauna Fatakwal suka fara tashi da safe su tarar da baƙin toka ya rufe motoci da shanya da hancin yara. Hotunan tafin hannu da tafin ƙafa baƙi wuluk suka cika Twitter da Facebook ƙarƙashin #StopTheSoot, har maganar ta kai kafofin yaɗa labaran duniya. Ƙungiyoyin mata irin su Kebetkache ta Emem Okon, da ke Fatakwal, suna horar da matan ƙauyuka kan yadda za su rubuta abin da ke faruwa da gonakinsu da lafiyarsu, su kai shi gaban hukuma da bakinsu.

Ina kuɗin ke tafiya?

Malala rabin labarin ne. Ɗaya rabin shi ne kuɗin da man ke kawowa. A 2004 Oby Ezekwesili, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Transparency International, ta jagoranci fara shirin NEITI, wanda ke kwatanta abin da kamfanoni suka ce sun biya da abin da gwamnati ta ce ta karɓa. An mayar da shi doka a 2007, kuma rahotanninsa suna kan intanet.

A ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnati ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141. Zanga-zangar da ta biyo baya, daga Legas zuwa Kano da Kaduna, an shirya ta ne da Twitter da Facebook da BlackBerry Messenger, kuma matan kasuwa da ɗalibai mata suna cikin sahun gaba. Farashin ya dawo naira 97, kwamitin Majalisar Wakilai kuma ya bayyana cewa an yi almundahanar kusan dala biliyan 6.8 a tsarin tallafin tsakanin 2009 da 2011. A lokacin ne shafin BudgIT, da aka kafa a 2011, ya yi suna wajen mayar da kasafin kuɗi zane-zanen da kowa zai gane. Daga baya ya fito da Tracka, inda mutum zai duba aikin da aka ware wa mazaɓarsa kuɗi, ya je wurin ya ɗauki hoto, a ga ko an yi ko ba a yi ba.

Hukumar raya Neja Delta, NDDC, misali ce ta abin da ake magana. Da aka miƙa rahoton binciken asusunta a watan Satumban 2021, gwamnatin tarayya ta ce hukumar ta karɓi kusan naira tiriliyan 6 tsakanin 2001 da 2019, kuma akwai ayyuka 13,777 da aka yi watsi da su ko aka yi musu aikin algus. Shekara guda kafin nan, a Yulin 2020, 'yan sanda sun kewaye gidan tsohuwar muƙaddashiyar shugabar hukumar, Joi Nunieh, a Fatakwal, a ranar da za ta tafi Abuja ba da shaida gaban kwamitin majalisa. Ba ta samu tafiya ba, amma ta ba da shaidarta ta Zoom. Waɗanda ta zarga sun musanta zargin. Abin lura dai shi ne tare ƙofar gida bai hana a ji muryarta ba.

Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Kowane ɗan ƙasa, mace ko namiji, yana iya rubuta wa ma'aikatar gwamnatin tarayya ya nemi takardar kwangila ko ta biyan kuɗi, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma doka ta ba su kwana 7 su amsa. Ba kullum suke amsawa ba, amma kwafin wasiƙar da hatimin karɓa shi ma hujja ne.

Yadda hoton waya ke zama hujja

Yanzu mu zo ɓangarenmu. Duk hoton da ka ɗauka yana ɗauke da wasu bayanai a ɓoye cikin fayil ɗin, ana kiransu EXIF: samfurin waya, rana, lokaci, da lambobin GPS idan ka kunna su a saitin kyamara. GPS ba ya buƙatar data, daga tauraron ɗan'adam yake karɓar sigina kai tsaye, don haka yana aiki ko a ƙauyen da babu sabis, sai dai yakan ɗan jinkirta kafin ya gano wurin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tura hoton ta WhatsApp a matsayin hoto. Manhajar tana matse shi ta goge waɗannan bayanai. Idan kana son su isa yadda suke, zaɓi Document wajen turawa, ko ka tura ta imel. Kada ka yanke hoton asali, kada ka sa masa fenti ko rubutu. Idan za ka gyara, yi kwafi ka gyara kwafin.

Da yake ana iya sauya bayanan EXIF da manhaja, lauyan ɗaya ɓangaren zai iya cewa ƙirƙira aka yi. Maganin wannan shi ne tambarin fayil, irin na SHA-256: lissafi ne da ke mayar da fayil jerin haruffa da lambobi 64. Idan aka taɓa ko ɗigo ɗaya a hoton, jerin zai canza gaba ɗaya. Idan ka tura wannan jeri ga wani amintacce a ranar da ka ɗauki hoton, ka kafa shaidar cewa fayil ɗin bai canza ba tun ranar. Manhajar ProofMode tana yin wannan da kanta. eyeWitness to Atrocities, wadda ƙungiyar lauyoyi ta duniya ta fitar a 2015, an gina ta ne musamman don kotu. Tella kuma tana ɓoye fayiloli a cikin waya da kalmar sirri.

Wajen ɗaukar bidiyo, fara da faɗin rana da sunan wuri da bakinka. Nuna wurin daga nesa, a ga gada ko makaranta ko allon kamfani, sannan ka matso a hankali ba tare da ka tsayar da ɗaukar ba. Ajiye wani abu da aka san girmansa, kamar bokiti, kusa da abin da kake nunawa. Ka koma washegari da jibi ka sake ɗauka, domin a Bodo yawan kwanakin ne ya ninka lissafin. Amma kada ka kusanci bututun da ke feshi: tururin man guba ne, kuma ƙaramin tartsatsi ya isa ya tayar da gobara.

Idan ƙungiya ce ke tattara bayanai daga gida-gida, KoboCollect na aiki a Android ba tare da intanet ba, ya adana fom da hoto da murya da wuri, ya tura idan an samu sabis. Don ganin yadda wuri ya canza cikin shekaru, Google Earth na kwamfuta yana da tsofaffin hotunan sama, hotunan tauraron Sentinel-2 na Turai kuma kyauta ne, ana sabunta su kusan duk kwana 5.

Haɗarin da ke tattare da shi

Bayanan da ke ƙarfafa hujja su ne kuma ke tona asirin mai ɗauka. Hoton da aka ɗauka a tsakar gida yana ɗauke da adireshin gidan. Don haka a ajiye na asali wa lauya ko ƙungiya, a saki kwafin da aka goge wa bayanai ga jama'a. Kada a nuna fuskar kowa sai da izininsa. Layin waya a Najeriya yana haɗe da lambar NIN, saboda haka wanda ke ganin ya ɓoye sunansa a intanet ya sani ba lallai ya ɓoyu ba. WhatsApp da Signal suna kulle saƙo tsakanin mai aikawa da mai karɓa, amma kullewar ba ta hana ɗan guruf ɗaukar hoton allo ya kai gaba. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka kuma sa wa wayarka lambar sirri mai ƙarfi.

Ga mata akwai ƙarin nauyi. Da yawa a karkara ba su da wayar kansu, ta miji ko ta ɗa suke ara, wanda ke nufin babu sirri. Kuɗin data da cajin waya a garin da babu wuta wani shinge ne. Wadda ta fito ta yi magana a intanet kuma, sau da yawa ba a amsa hujjarta, sai a koma zagin mutuncinta da aurenta. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu suka kafin a yi masa gyara a 2024. Hanyar ma ana iya rufe ta gaba ɗaya: an dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutanen Zamfara kuma sun ga yadda aka kashe sabis a Satumban 2021. Shi ya sa kwafi a katin memori ko filashi, a hannun mutum biyu daban-daban, ya fi dogaro da shafi ɗaya.

Abu na ƙarshe: kada ka yaɗa hoton da ba ka tabbatar ba. Tsohon hoto daga wata ƙasa, ko wanda ƙirƙirarriyar basira ta zana, idan aka gano shi, da shi za a ƙaryata sauran hotuna 99 na gaskiya. Saka shi a Google Lens tukuna ka ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri.

Abin da ya rage mana

Waya ba ta wanke rafi. Shekara fiye da 10 bayan rahoton UNEP, aikin tsabtace ƙasar Ogoni da hukumar HYPREP ke yi bai kammala ba, kuma a 2025 Shell ya sayar da kamfaninsa na haƙar mai a kan tudu ga rukunin Renaissance, abin da ya sa al'ummomi ke tambayar wa zai biya tsohuwar ɓarna. Inda aka ci nasara, kamar Bodo, ko hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ta Hague a Janairun 2021 kan malalar Oruma da Goi, sai da mutanen da suka haɗa kansu, da hujja mai tsabta, da lauyoyi suka haɗu wuri ɗaya.

Wannan ba labarin nesa ba ne. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nijar kuma bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 yana ɗaukar man Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. Mutanen Oloibiri ba su da hoton yadda rafinsu yake kafin 1956. Masu zama kusa da waɗannan sababbin wurare suna da damar da su ba su samu ba: a ɗauki hoton rijiya da gona da rafi tun yanzu, da rana da wuri, a adana. Idan kuma akwai waya ɗaya tak a gidan, a koya wa mama da ƙanwa yadda ake yi, domin su ne ke zuwa rijiyar kullum.